Jagora Ga Mai Son Zuwa Japan Koyon Japananci A Makarantar Harshe

Duk wanda ya ƙudurta zuwa ƙasar Japan domin koyon harshenta, ya kamata ya fara da sanin cewa mafi yawan abin da zai yanke hukuncin tafiyarsa yana faruwa ne tun yana gida, watanni shida ko fiye kafin ya taka matakalar jirgi. Hukumar shige da fice ta Japan ba ta ganin fuskar mai nema, takardunsa kawai take gani, kuma amsar tambaya biyu take nema a cikinsu: shin wannan mutumin karatu zai zo yi da gaske, kuma shin akwai wanda zai ɗauki nauyinsa har ya gama? Duk matakan da za a bayyana a nan, daga zaɓen makaranta har zuwa zama a aji, a kan waɗannan tambayoyi biyu suka dogara.

Lissafin lokaci

Makarantun koyon Japananci suna ɗaukar sababbin ɗalibai sau huɗu a shekara: Afrilu, Yuli, Oktoba da Janairu, ko da yake wasu makarantun Afrilu da Oktoba kawai suke buɗe ƙofa. Shekarar karatu a Japan tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Maris, shi ya sa kusan dukkan kwasa-kwasan suke ƙarewa a watan Maris. Wanda ya shiga a Afrilu zai iya yin shekara biyu cif, wanda ya shiga a Yuli shekara ɗaya da wata tara, na Oktoba shekara ɗaya da rabi, na Janairu kuwa shekara ɗaya da wata uku. Shekara biyu ita ce iyakar zaman da doka ta ba ɗalibin makarantar harshe. Ga wanda bai san komai ba sai gaisuwa, shawarata ita ce ya nemi shigar Afrilu, domin kaiwa matakin da jami'a ko ma'aikata za su karɓe shi a cikin wata goma sha biyar abu ne mai wuyar gaske ga wanda bai tashi da rubutun kanji ba, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sin.

Makarantu suna rufe karɓar takardu kimanin wata biyar zuwa shida kafin fara zango. Ma'ana, mai son shiga a Afrilu ya kamata takardunsa su kammala tun wajajen Oktoba na shekarar da ta gabata, shirin haɗa su kuwa ya fara tun da damina.

Fara karatun tun a gida

Ana buƙatar mai nema ya kammala karatun shekara 12, wato firamare da sakandare, sannan ya nuna shaidar cewa ya taɓa harshen. Abin da aka saba nema shi ne shaidar cin matakin N5, wato mataki mafi sauƙi na JLPT, jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci, ko makamanciyarta, ko takardar da ke nuna ya yi karatun awa 150 a wata cibiya. Shaidar jarrabawa ta fi takardar cibiya nauyi, kuma makarantu da yawa suna yin hira da mai nema ta intanet, inda malama za ta tambaye shi sunansa, shekarunsa, abin da ya ci da safe, sannan ta ɗaga masa takarda ya karanta. A nan ne ake gane wanda ya sayi takardar shaida da wanda ya zauna ya yi karatu. Tun wasiƙar farko, a tambayi makarantar wace shaida take karɓa a wannan zangon, domin ƙa'idar tana iya sauyawa.

Abin da za a fara da shi shi ne rubutu biyu na sauti, hiragana da katakana, kowanne da harafi 46 na asali. Mai himma yana iya riƙe su a cikin mako uku ko huɗu, idan yana rubuta su da hannu kullum, ba kallonsu a waya kawai ba. Bayan su sai kanji, haruffan da aka aro daga Sin, waɗanda gwamnati ta tsara 2,136 daga cikinsu a matsayin na amfanin yau da kullum. Matakin N5 kimanin ɗari kawai yake buƙata. Hukumar Japan Foundation tana da darussa kyauta a intanet, irin su Irodori da dandalin Minato, kuma makarantu da yawa a Japan suna koyarwa da littafin Minna no Nihongo, wanda darussansa 25 na farko suke daidai da wannan matakin na farko.

Akwai wata dama da Bahaushe yake da ita wadda ya kamata ya san darajarta. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana kamar yadda yake yi a Hausa. Wanda ya san bambancin gari na mazauna da gari na tuwo, ba zai sha wahalar rarrabe obasan, wato gwaggo ko inna, da obaasan, wato kaka ba. Haka ma ninka baƙi: kite yana nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa, kuma bakin da ya saba furta hannu da babba ba ya tuntuɓe a nan. Hatta hawa da saukar murya da ke bambanta hashi na gada da hashi na tsinken cin abinci, kunnen da ya tashi da karin sautin Hausa yana kama shi da sauri. Wahalar tana wani wajen: aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, ƙananan kalmomi irin su wa, ga, o da ni su ne suke nuna aikin kowace kalma, sannan ga kanji da ba ya shiga kai sai da maimaici na kullum.

Zaɓen makaranta

Ba kowace makaranta ce take da ikon nema wa ɗalibi bizar karatu ba. A da, Ma'aikatar Shari'a ce take fitar da jerin makarantun da aka amince da su. Daga Afrilun 2024 wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta mayar da tantance makarantun hannun Ma'aikatar Ilimi, tare da ba tsofaffin makarantu wa'adin shekara biyar su cika sababbin sharuɗɗa. Don haka tambaya ta farko ga kowace makaranta ita ce a wane jeri sunanta yake, sannan mutum ya je shafin ma'aikatar da ta fitar da jerin ya duba da idonsa.

Bayan wannan sai a duba manufar makarantar. Wasu an gina su ne domin shirya ɗalibai shiga jami'a, suna ba da darussan lissafi da kimiyya bayan na harshe. Wasu sun fi karkata ga neman aiki. Wasu kuma hira da al'adu suka fi ba muhimmanci. A tambaye su ina ɗalibansu na bara suka tafi bayan gamawa, mutum nawa suka ci N2, wato mataki na biyu daga sama a JLPT, kuma daga waɗanne ƙasashe ɗaliban suke. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ajin da mafi yawansa 'yan Sin ne ko 'yan Taiwan yakan yi gudu a kanji, domin su sun san haruffan tun suna yara, kuma ɗalibin da ya zo daga Afirka zai iya samun kansa a baya cikin wata biyu ba don ƙarancin basira ba. A kuma tambaya kai tsaye ko sun taɓa nema wa ɗan ƙasarka izini an ba shi, domin yawan takardun da ake nema ya danganta da ƙasar mai nema, kuma makarantar da ta saba da takardun Nijeriya ko Gana ta san inda ake tuntuɓe.

Batun gari kuma batun aljihu ne. Tokyo da Osaka sun fi yawan makarantu, ayyuka da masallatai, amma kuɗin haya a Tokyo yana cin rabin abin da ɗalibi yake da shi. Garuruwa irin su Fukuoka, Sendai ko Nagoya sun fi sauƙin haya. Wanda bai saba da sanyi ba ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi Sapporo, inda dusar ƙanƙara take rufe gari watanni.

Ana iya rubuta wa makaranta kai tsaye ba tare da dillali ba. Idan kuma za a bi ta hannun dillali, to kuɗin makaranta a asusun makarantar ake zuba shi, ba a asusun wani mutum ba. Duk wanda ya yi alkawarin cewa biza tabbas ce, ko ya ce zai haɗa maka takardar banki, ka rabu da shi, domin takardar ƙarya ɗaya tana ɓata sunanka a wurin hukumar shige da fice, kuma duk neman da za ka sake yi sai an waiwayi na farkon.

Takardu da batun kuɗi

Makarantar za ta aiko da fom ɗin neman shiga da na tarihin rayuwa. Tare da su ana neman kwafin fasfo, hotuna, takardar shaidar kammala makaranta ta ƙarshe da sakamakon jarrabawa, shaidar karatun Japananci, da bayanin dalilin zuwa karatu. A tarihin rayuwa kada a bar giɓi. Idan mutum ya gama sakandare ya yi shekara uku yana taimaka wa mahaifinsa a kasuwa, ya rubuta haka da kwanan wata. Sunan da ke fasfo, da na takardar haihuwa, da na takardar makaranta su zama iri ɗaya harafi da harafi. Wannan matsala ce da ta zama ruwan dare a wurinmu, inda mutum ɗaya zai zama Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, kuma gyara ta da takardar rantsuwa ta kotu yana ɗaukar lokaci, don haka a fara da wuri. Wanda ya daɗe da barin makaranta, musamman fiye da shekara biyar, ya sa ran za a nemi ƙarin bayani a kan abin da ya dawo da shi karatu.

Bayanin dalilin karatu ya zama naka, a rubuta shi da gaskiya da tsari: abin da ka karanta, abin da kake son yi da harshen, da inda za ka nufa bayan makarantar. Wanda yake sana'ar gyaran mota yana son shiga makarantar koyon aikin injiniyan mota a Japan, ya faɗi haka dalla-dalla. Ya fi dogon yabon ƙasar da babu komai a cikinsa.

Sashen da ya fi kayar da masu nema shi ne na mai ɗaukar nauyi. Mafi karɓuwa shi ne mahaifi ko mahaifiya ko ɗan'uwa na kusa, tare da takardar da ke tabbatar da dangantakar. Zai kawo shaidar kuɗin da ke asusunsa, bayanan shige da ficen kuɗin asusun, shaidar aikinsa ko rajistar kasuwancinsa, da shaidar biyan haraji. Makarantu da yawa suna son ganin abin da ya kai kimanin yen miliyan biyu, amma yawan kuɗin ba shi ne kaɗai abin dubawa ba, asalinsu ake bi. Asusun da ya yi shekara yana ɗauke da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai kwatsam aka zuba masa miliyoyi mako biyu kafin a buga takarda, kowa ya san aro aka yi. Ɗan kasuwar da yake juya kuɗinsa a hannu ko a kaya, ya kamata ya fara bi da su ta banki tun shekara guda kafin neman.

Kuɗin shekarar farko a yawancin makarantu yana kamawa daga yen 700,000 zuwa 900,000, idan aka haɗa kuɗin tantancewa, na shiga, na karatu da na littattafai. Wannan ban da jirgi, haya da abinci. Tallafin karatu a wannan mataki kaɗan ne. Hukumar JASSO mai kula da harkokin ɗalibai a Japan tana ba wasu ɗaliban makarantun harshe yen 30,000 a wata, amma sai makaranta ta gabatar da sunan ɗalibi bayan ya nuna ƙwazo, kuma guraben ba su da yawa. Tallafin gwamnatin Japan na MEXT, wato Ma'aikatar Ilimi, wanda ake nema ta ofishin jakadanci, hanya ce daban da ke kaiwa jami'a, ba ya biyan kuɗin makarantar harshe mai zaman kanta.

Takardar cancanta da biza

Makarantar ce take kai takardun ofishin shige da fice na yankinta a madadin ɗalibi, domin neman takardar shaidar cancantar zama, wadda aka fi sani da COE. Jira yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Idan ta fito, makaranta za ta aiko da takardar neman biyan kuɗi, bayan an biya ta aiko da COE ɗin, da takarda ko ta imel. Kafin wannan lokacin, abin da ya dace a biya shi ne kuɗin tantancewa kawai. A karanta ƙa'idar mayar da kuɗi kafin a tura ko sisi.

Da COE, fasfo, hoto da takardar shiga makaranta ake zuwa ofishin jakadancin Japan neman biza: Abuja ga 'yan Nijeriya, Akara ga 'yan Gana, Yawunde ga 'yan Kamaru. Wa'adin COE wata uku ne daga ranar da aka bayar da ita, dole a shiga Japan a cikinsa. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta shiga fasfo.

Makonni biyu na farko

A manyan filayen jirgi irin su Narita, Haneda, Kansai da Chubu, a nan take ake ba ɗalibi katin zama, wanda ake kira zairyu kado. A wannan tebur ɗin ne ya kamata a miƙa fom ɗin neman izinin aikin wucin gadi, sai jami'in ya buga hatimi a bayan katin; wanda ya manta sai ya je ofishin shige da fice daga baya ya bi layi. Doka ta wajabta riƙe katin a jiki koyaushe.

A cikin kwana 14 da samun masauki, sai a je ofishin ƙaramar hukuma a yi rajistar adireshi, za su rubuta shi a bayan katin. A ranar kuma a shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda take sa majinyaci ya biya kashi 30 cikin ɗari kawai na kuɗin asibiti, sannan wanda ya kai shekara 20 ya tambayi yadda ake neman sassauci a kan kuɗin fansho. Bankin gidan waya, Yucho, shi ne ya fi sauƙin buɗe wa sabon zuwa asusu. Game da masauki, ɗakin kwanan ɗalibai na makaranta ya fi dacewa da watannin farko, domin kama haya a waje yana buƙatar kuɗin ajiya da ake kira shikikin, wani lokaci da reikin, wato kuɗin godiya ga mai gida da ba a mayarwa, ga kuma wanda zai tsaya wa mutum. A nemi jadawalin zubar da shara a manna shi a bango, domin kowane irin shara da ranarsa, kuma yawancin saɓani da maƙwabta daga nan yake farawa.

Aji, da kiran suna

Ranar farko ana yin gwajin tantance mataki. Karatu rabin yini ne, Litinin zuwa Juma'a, darasi huɗu na minti 45, ko dai da safe ko da rana, kuma aji ba ya wuce mutum 20. Daga ranar farko da Japananci ake koyarwa. Malama za ta shigo, a gaisa, ta buɗe rajista ta kira suna, kowa ya amsa da hai, wato na'am, sannan kusan kullum a raba ƙaramar takardar gwajin kanji kafin a shiga darasi. Wanda bai ware awa biyu ko uku na bita a gida ba, ajin zai wuce ya bar shi.

Wannan rajistar ita ce dukiyar ɗalibi mafi tsada a Japan. Ana lissafa halartar aji da kashi cikin ɗari, makara ma ana tara ta ta zama fashi. Wanda ya faɗi ƙasa da kashi 80 yana jefa sabunta bizarsa cikin haɗari, wanda ya gaza rabi a wata guda kuwa wajibi ne makaranta ta sanar da hukuma. Jami'o'i da makarantun sana'a da masu ba da tallafi duk suna neman wannan takarda, kuma sun fi son kashi 90 zuwa sama. Idan rashin lafiya ce, a je asibiti a ajiye rasit.

Ga Musulmi akwai abin da ya kamata a tattauna tun kafin a biya kuɗi: ajin rana yana cin karo da sallar Juma'a. Sau da yawa mataki ne yake yanke wa ɗalibi ajin safe ko na rana, ba zaɓinsa ba, don haka a faɗa wa makaranta tun farko, a kuma tambaya ko akwai wurin da za a iya yin azahar. A Tokyo akwai babban masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara da masallacin Otsuka, a Kobe kuma akwai masallacin da aka gina tun 1935. Unguwar Shin-Okubo tana da shagunan nama na halal da kayan yaji. A kantin dare da rana da ake kira konbini, ɗalibi zai ɗauki dunƙulen shinkafa na onigiri ya juya bayansa, ya bi ƙananan haruffa da yatsa yana neman 豚, wato alade, da 酒, wato giya, da kuma mirin, wani ruwan girki mai giya a ciki. Waɗannan haruffa a haddace su tun kafin sauran.

Aikin wucin gadi

Izinin da aka buga a bayan kati awa 28 ne a mako, a haɗe da dukkan wuraren da mutum yake aiki, sai a lokacin dogon hutun makaranta da ake yarda da awa 8 a rana. An haramta aiki a wuraren shaƙatawar dare da gidajen caca na pachinko, ko da wanke-wanke ne. Mafi ƙarancin albashi a Tokyo ya haura yen 1,100 a awa tun 2023. Idan aka ɗauka ana biyan yen 1,200, cikakken awa 28 na mako huɗu zai ba da yen 134,400. Wannan zai iya riƙe haya da abinci, amma ba zai biya kuɗin makarantar shekara ta biyu a kansa ba. Wanda ya taho da niyyar aiki ya biya masa komai, ƙarshenta ko dai ya wuce awannin doka, wanda takardun haraji suke tona shi ranar sabunta biza, ko kuma ya yi aikin dare a masana'antar haɗa abinci ya zo aji yana gyangyaɗi. Sabon zuwa yakan fara da aikin da ba ya buƙatar magana, amma da zarar baki ya buɗe, ya koma kanti ko gidan abinci, inda zai yi ta jin keigo, harshen girmamawa da ake yi wa abokin ciniki, har ya zauna masa.

Jarrabawa da mataki na gaba

Ana yin JLPT sau biyu a shekara, Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. N2 shi ne matakin da yawancin makarantun sana'a, wato senmon gakko, da kamfanoni suke nema. Mai son jami'a kuma yana buƙatar jarrabawar EJU da JASSO take shiryawa a Yuni da Nuwamba. Tunda ana fara neman guraben shekara mai zuwa tun da kaka, sakamakon Yuli na shekara ta biyu shi ne wanda zai shiga takardun nema, don haka lokacin shirin ya fi gajarta fiye da shekara biyun da ake gani a takarda.

Wanda ya zo da digiri daga gida zai iya neman aiki ya sauya izininsa zuwa na ma'aikaci. Wanda ya zo da sakandare kawai, hanyarsa ita ce makarantar sana'a, jami'a, ko tsarin ƙwararrun ma'aikata na tokutei gino da aka fara a 2019, wanda yake da nasa jarrabawar sana'a. Ana iya miƙa neman sabuntawa ko sauya izini kafin wa'adin katin ya cika, sabuntawa tun saura wata uku. Da zarar an yi bikin yaye ɗalibai a Maris, izinin aikin wucin gadi ya daina aiki ko da akwai sauran kwanaki a katin, don haka kafin wannan rana mutum ya karɓi takardar halartar aji da ta sakamako daga ofishin makaranta, ya kuma tabbata takardar shiga sabuwar makarantar ko ta kama aiki tana hannunsa.